Tabarauna a Hancin Giwan Ruwa

Zuwa ga Jauron unguwarmu ta Jambutu, Garuwa.

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa, ni ne Malam Zaharaddin, wanda ya koyar da kimiyyar fizik shekara talatin da ɗaya a lise, wato makarantar sakandare, goma sha ɗaya a Maruwa, ashirin a nan Garuwa, ya yi ritaya ba tare da takardar gargaɗi ko ɗaya ba. Ka yi haƙuri da girman rubutun nan. Da tabarau ɗin matata nake yi, wani ja mai ɗan fure a gefe, domin nawa yana kasuwa. Yau kwana tara ke nan yana rataye a hancin wani busasshen kan giwan ruwa a rumfar Muntaka masunci, mutane suna wucewa suna gaishe shi da sunana. A kan wannan na kawo ƙara. Zan faɗi yadda aka yi daki-daki, don labarin da yake yawo a gari cike yake da kurakurai, har ana cewa sau biyu na nutse. Sau ɗaya ne.

Wata Laraba a cikin watan Maris na je sayen kifi. Na tarar da Muntaka yana ba Georgette, mai gashin kifin da ke gefen rumfarsa, labarin yadda ya soki wani giwan ruwa da mashi.

Yana cewa, "Kifi ba ya inda kike ganinsa. In kin soki inda idonki ya nuna, ruwa kawai za ki soka. Ƙasa da shi ake suka."

Ban yi niyyar magana ba. Amma shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ne, bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Muntaka, ka san dalili?"

Ya ce, "Haka Allah ya yi ruwa, Malam."

Na ajiye jakata a kan teburinsa na yi masa bayani kyauta. Na ce haske ya fi gudu a cikin iska, a ruwa yana rage gudu. In ya taso daga jikin kifi ya fito iska a karkace, sai ya lanƙwashe daidai fuskar ruwan. Ido kuwa bai san da wannan kwanar ba, sai ya bi layin a miƙe, ya ajiye kifin sama da inda yake.

Muntaka ya saurara har ƙarshe, yana kankare ɓawon karfasa. Ya ce, "To ai abin da na faɗa ke nan. Ƙasa da shi."

"Ƙasa da nawa?"

"Ƙasa dai. Hannu ya sani."

"Hannu bai san komai ba. Hannu bai taɓa zama jarrabawa ba."

Mutane sun fara taruwa. Ranka ya daɗe, malami in ya ga mutum shida sun yi shiru suna kallonsa, aji yake gani. Na ɗaga murya na ce abin da Muntaka yake yi da sa'a, ni zan yi shi da lissafi. A ba ni mashi da ma'aunin kusurwa, suka ɗaya, kifi ɗaya.

Georgette ta daina fifita garwashi. Ta kira ni yadda ɗalibai suke kiran malami da Faransanci, ta ce, "Misye, ka taɓa shiga kwalekwale kuwa?"

Na ce, "Na zana shi a allo ya fi sau ɗari."

Ta ce, "To in ka kamo, ni zan gasa maka, har da yaji da albasa. In ba ka kamo ba, albasar tana nan."

Muntaka ya ce, "Asabar, bayan azahar. Zan ba ka mashin mahaifina."

Da na koma gida na fara shiri kamar yadda ilimi ya tanada, wato da gwaji. Na ciro babban ma'aunin kusurwa na katako da nake aiki da shi a allo, wanda ɗalibai suke kira rafota, na ɗaure shi a jikin wani rodi. Na jefa rogo guda a cikin duron robar da Saudatu, matata, take tara ruwan famfo. Na auna, na yi lissafi a bayan kalanda, na soka.

Ina so a rubuta cewa na sami rogon. A tsakiyarsa ma. Sai dai rodin bai tsaya a rogon ba, ya wuce ya huda gindin duron. Ruwan da aka tara na kwana uku ya bi tsakar gida ya fita ta ƙofa.

Saudatu ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta dubi ruwan, ta dube ni. Ta ce, "Malam, me rogon ya yi maka?"

Na ce, "Gwaji ne, kuma ya yi nasara."

Ta ce, "Allah ya tsare mu da ranar da zai faɗi."

Na gaya mata ina bukatar madubinta na bango, domin kifi yana son inuwa, kuma da madubi zan tura hasken rana cikin inuwar in fallasa shi. Ta ce madubin tun na aurenta ne, kuma ta ga abin da ya sami duro, don haka ba zai bar hannunta ba. In ana son madubi a kogin Binuwai, to da ita za a je. Na amince. Wannan shi ne kuskurena na farko, in ba a ƙirga Laraba ba.

Ranar Asabar na sa farar babbar riga, don ban ga dalilin da zai sa ilimi ya je bakin kogi da tsumma ba. Muka tsayar da babura biyu. Saudatu ta hau na baya da madubi a cinya, ni na hau na gaba da rafota a kafaɗa. Mai babur ɗina wani dattijo ne mai furfura, Adoum. Rana ta take, kwalta tana tururi.

Can gaba na hango wani abu yana sheƙi a kan titi. Adoum ya fara rage gudu.

Na ce, "Me ya faru?"

Ya ce, "Ruwa ne a gaba, Malam."

Na yi dariya. Na ce, "Kawalwalniya ce. Iskar da ke dab da kwalta ta fi ta sama zafi, saboda haka hasken sama yana lanƙwashewa a cikinta ya dawo idonka. Sararin sama kake gani a ƙasa. Muna matsowa zai gudu."

Ya ce, "Wannan kam ba ya gudu."

"Zai gudu. Wuce."

"Malam, har da agwagwa a ciki."

Kafin in gama tunanin yadda agwagwa za ta shiga kawalwalniya, mun shiga. Bututun ruwa ne ya fashe tun safe. Babur bai faɗi ba, Adoum gwani ne, amma farar rigata ta koma launin kunun gyaɗa daga ƙafa zuwa ƙirji. Babur ɗin Saudatu ya zagaya ta gefe a hankali. Da ta zo daidai da ni sai ta juyo min da madubin don in ga kaina.

Adoum ya ce, "Sararin saman nan yana da laka."

Ina roƙo a lura cewa bayanina a kan kawalwalniya daidai ne. Ranar ce kawai ba ta dace ba.

A bakin kogi na tarar da rabin kasuwa. Ban gayyaci kowa ba. Ruwa ya janye sosai kamar yadda yake yi a wannan lokaci, ya bar yashi da wasu tafkuna masu haske har kana ganin ƙasa. Georgette ta zo da murhunta, ta hura garwashi, ta yanka albasa. Muntaka ya dubi rigata ya ce, "Har ka fara shiga ruwan ba mu, Malam?"

Na shiga kwalekwale. A nan na gano wani bambanci tsakanin kwalekwalen allo da na gaske, na gaske yana motsi. Muntaka ya tura mu da gora zuwa wani gurbi kusa da ciyawar gaɓa, ya miƙo min mashin. Dogo ne, ƙotarsa ta yi baƙi don tsufa. Na ɗaura masa rafota da igiyar roba.

Ya ce, "Mahaifina bai taɓa sa masa hula ba."

Na miƙe tsaye. Nan take kifayen da ke ƙarƙashinmu suka watse.

Muntaka ya ce, "Durƙusa, Malam. In ka tsaya suna ganinka. In ka yi ƙasa sai ka ɓace musu."

Abin da ya ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa. Ni na koyar da wannan. Hasken da ya zo wa ruwa a kwance sosai, yawancinsa ba ya shiga, bugawa yake yi ya wuce, don haka abin da ke ƙasa-ƙasa da wuya kifi ya gan shi. Darasi ne na mako guda, da zane uku. Shi kuwa ya tattara shi cikin kalma ɗaya, wai durƙusa. Na ce masa malami ba ya koyarwa a durƙushe.

Kifayen suka shige inuwar ciyawa. Lokacin madubi ya yi. Na ɗaga hannu na yi wa Saudatu alama a gaɓa. Na riga na koya mata a gida cewa yadda haske ya faɗo wa madubi a karkace, haka yake tashi a karkace ta ɗaya gefen, ba ƙari ba ragi. Ta kama rana, ta karkato madubin zuwa ruwan.

Abin da na manta shi ne wancan darasin na mako guda da na tuna minti biyar da suka wuce. Saudatu tana gaɓa, nesa, ƙasa-ƙasa. Haskenta ya zo wa ruwan a kwance, bai shiga ba, ya buga ya tashi, ba ƙari ba ragi, ya same ni a ido. Na ga fari, na ga kore. Na yi taga-taga da mashi a hannu, Muntaka ya kwanta a cikin kwalekwalensa don ceton ransa.

Na ce, "Saudatu, cikin ruwa na ce."

Ta ce, "Cikin ruwan na haska. Ruwan ne ya ƙi karɓa."

"To sauke."

"Ka tabbata? Jama'a sun ce yanzu suka fi ganinka."

Da idona ya dawo sai na koma aiki. Wata karfasa ta fito. Na auna kusurwa, na ciro alƙalami, na fara lissafi a tafin hannu. Kafin in kai rabi ta tafi. Ta biyu ta zo, ta tsaya har na kai ga rabawa, ita ma ta tafi. A littafi, ranka ya daɗe, kifi ɗigo ne mai suna A, kuma A ba ta taɓa barin wurinta ba cikin shekara talatin da ɗaya.

Georgette ta ɗaga murya daga gaɓa. "Misye, garwashi yana mutuwa. In ƙara gawayi ko in jira ka gama jarrabawa?"

Sai ga shi. Wani baƙi, dogo, kwance a ƙasa bai ko motsa ba. Na ce a raina wannan kifi ne mai tarbiyya. Muntaka ya leƙa ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu na ce ba a magana lokacin lissafi. Na auna sau biyu. Na saita mashi ƙasa da inda ido ya nuna, daidai gwargwadon da lissafi ya ce. Na yi bisimilla, na jefa.

Na same shi. Ina so wannan ma a rubuta. Suka ɗaya, a tsakiya.

Bai motsa ba ko bayan sukar. Muntaka ya ce, "Malam, dama abin da zan gaya maka ke nan. Tsohon takalmin roba ne. Tun damina yake nan, a kan wani kututture."

Gaɓa ta fashe da dariya. Adoum, wanda ya ƙi tafiya don ya ga ƙarshen abin, ya zauna a kan yashi yana riƙe da ciki. Georgette ta ce ita ba ta taɓa gasa wannan irin ba, amma za ta gwada in an samo ɗaya ƙafar.

Mashin ya kafe a kututturen, ƙotarsa ta leƙo sama, nesa kaɗan da hannuna. Daidai fuskar ruwan ya yi kamar ya karye. Wata mata ta ce, "Ya karya mashin mahaifin mutane." Na juyo na yi wa jama'a bayani cewa mashin lafiyarsa ƙalau, haske ne ya lanƙwashe, kuma zan ciro shi yanzu su gani da idonsu.

Muntaka ya ce, "Bari in juya jirgin."

Na ce, "Ba sai ka juya ba. Ina ganin ƙasa. Iyakarsa ƙirji."

Ya ce, "Malam, gurbin nan ya fi ka tsawo."

Na ce, "Mita ɗaya da santimita talatin da biyar. Idona ma'auni ne."

Ranka ya daɗe, a nan ne nake so ka yi min adalci. Idona bai yi kuskure ba. Mita ɗaya da santi talatin da biyar ɗin ne ake gani. Sai dai abin da ya ɗago kifi sama, shi ne yake ɗago ƙasan kogi. Zurfin da ido yake gani kashi uku ne cikin huɗu na zurfin gaske. Wannan ita ce tambaya ta farko a jarrabawata kowace shekara, kuma na ba yara da yawa sifiri a kanta. Wanda ya yi lissafin zai sami mita ɗaya da santi tamanin. Tsawona mita ɗaya da sittin da biyu ne, da hula.

Na tuna da wannan duka lokacin da ƙafata ta riga ta bar kwalekwale.

Abin da na gani a ƙasa ban gaya wa kowa ba sai kai. Tabarau ya fice, komai ya yi dishi-dishi. Na ɗaga kai. A samana akwai wata da'ira mai haske, kamar bakin rijiya, kuma duniya duka ta matsu a cikinta: sama, ciyawa, gefen kwalekwale, da wani baƙin abu da nake zaton kan Muntaka ne. Bayan da'irar kuwa fuskar ruwan ta zama madubi, tana nuna yashin ƙasa. Na zana wannan da'ira a allo shekara talatin da ɗaya, ban taɓa ganinta ba. Wallahi ta fi zanena kyau. Na buɗe baki don in faɗa, shi ya sa na sha ruwan.

Muntaka ya kamo ni ta wuyan riga da ƙugiyar da yake jawo manyan kifaye. Ya shimfiɗa ni a cikin jirgin. Georgette ta ce wannan shi ne kamu mafi girma na bana, amma ba zai shiga murhunta ba. Saudatu ta hango daga gaɓa ta tabbatar ina numfashi, sannan ta duba madubinta, sannan ta ce, "Gwajin nan ma ya yi nasara?"

Na ce tabarauna. Muntaka ya cire mashinsa daga kututture, ya kwance rafota ya ajiye min a cikin jirgin. Ya leƙa ruwan sau ɗaya. Bai auna komai ba. Ya zura mashin a hankali, ya saƙalo tabarau ɗin ta hannunsa, ya ɗago yana ɗiga. Na miƙa hannu. Ya sa shi a aljihu.

Ya ce, "Abin da masunci ya ciro daga kogi nasa ne, Malam, sai in ya ga dama. Ka zo rumfa, inda ka faɗi waccan maganar, ka ce hannu ya sani. Sai in ba ka."

Kwana bakwai na yi ina gardama da kaina. Ba na iya karatu, ba na gane mai gaishe ni, na zuba gishiri a shayi sau biyu. Saudatu ta ce za ta ara min nata a cikin gida, amma ba zai fita ƙofa ba, don ta ga abin da yake samun kayan da suka bi ni waje. Shekaranjiya na yanke shawara. Na sa wata rigar, na tafi kasuwa da idon da Allah ya bar min.

Na gane rumfar da wari. A cikinta na hango wani a tsaye, shiru, mai faɗin fuska, da wani abu yana ƙyalli a idonsa. Na ce a raina, har ya kai ga sa tabarauna. Na daure. Na tsaya a gabansa na gyara murya yadda kowa zai ji. Na ce, "Na zo in faɗa a gaban jama'a. Ka fi ni sanin ruwa. Abin da na sani a allo, kai ka san shi a jiki. Hannu ya sani."

Bai amsa ba. Na ce, "Ko ba ka ji ba ne?"

Sai na ji muryar Muntaka daga bayana, yana dawowa daga alwala. "Malam, da wa kake magana?"

Ba sai na faɗa maka yadda kasuwa ta yi ba, na san labarin ya riga takardar nan zuwa. Yanzu Muntaka ya ce maganar ba ta ƙirgu ba, domin giwan ruwa na faɗa wa, kuma giwan ruwa dama ya san ya fi ni sanin ruwa. Wai sai na sake.

Ba zan sake ba. Sharaɗin shi ne in zo rumfa in faɗa. Na zo rumfa, na faɗa, a gaban shaidu sama da talatin, Georgette tana cikinsu, in ta gama dariya za ta tabbatar. Ba a ce ga wanda zai saurara ba. Abin da nake nema shi ne ka yanke hukunci cewa magana ta isa, a sauke tabarauna daga hancin kifin nan, a wanke shi da sabulu, a kawo min gida. A kuma hana mutane ce wa kifin Misye.

Don kada a ce ni mai riƙo ne, na duba aikin Muntaka na ranar Asabar kamar yadda zan duba na kowane ɗalibi. Amsarsa daidai ce duk sau ukun, kuma ya ciro mai jarrabawar daga ruwa. Na ba shi goma sha huɗu bisa ashirin. Shidan na cire ne don bai nuna lissafi ba.

A nan zan tsaya. Saudatu tana tsaye a kaina, tana son tabaraunta za ta tsince shinkafa, kuma ta ce in gaya maka in hukuncin zai ɗauki lokaci, ita ta san hanyar rumfar, za ta riƙe min hannu ta juya ni wajen da mutum yake.

Naka mai biyayya,
Malam Zaharaddin, malamin fizik mai ritaya.